Fuskar da Akwati Ya Gyara

Shekara talatin da ɗaya Baba Tsaya-Haka ya yi yana ɗaukar mutane a bidiyo. A nan ya samo sunan, domin ango ne kai ko ɗalibin da ya gama makaranta, ba ka isa ka motsa ba sai ya gama da kai. Rabin unguwa na cikin kaset ɗinsa, masu rai da waɗanda suka riga mu. Matarsa kaɗai ta gagare shi. Da ta hango kyamara sai ta juya baya, ta ce ya je ya ɗauki masu son a gan su. Hoton aurensu yoyon rufi ya cinye shi tun tuni, yaran kuma duk shi suka ɗebo har hancin, Allah Ya ba su haƙuri.

Da ta rasu, daƙiƙa arba'in na bidiyonta kaɗai suka rage masa. Wata rana yana gwada sabuwar kyamara a tsakar gida ta wuce da kwandon wanki, bayanta kawai ake gani. A ƙarshe ta ɗan waiwayo za ta yi masa faɗa, fuskar ta fito dishi-dishi, kaset ya yanke. Sauran fuskar a cikin kansa take, kuma nan yake nemo ta kullum.

Surukinsa ya kwashe kaset ɗin kaf ya zuba a wata tsohuwar kwamfuta, ya ajiye ta a ɗakin ajiya tana ta gurnani. Saura ɗan akwatin da za a jona wa talabijin na falo ya riƙa janyo bidiyo daga can. Baba ya ce wannan shi zai zaɓa. Mutum ne da bai taɓa sayen ko waya ba sai ya gwada ta da kayan aikinsa, don haka mai shagon lantarki ya ba shi biyu ya kai gida.

"Ƙaramin nan abin da aka ba shi yake nunawa, Baba," in ji mai shagon. "Babban kuwa yana da basira. Duk inda tsohon hoto ya dushe, da kansa yake cikewa."

Ƙaramin ya nuna abin da Baba ya sani: layi-layi, rawar hoto, fuska dishi-dishi. Ya jona babban. Saƙar kwandon ta fito, zanen zaninta ya fito ɗaya bayan ɗaya, sannan ta waiwayo. Ga ido, ga gira, ga baki, tas. Ya tsayar da hoton, ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar. Kafin la'asar ya mayar da ƙaramin.

Kwana tara yana haka. Da ya karya kumallo sai ya ja labule ya kunna. Abu ɗaya ne ke ɗan sosa masa rai: ya san faɗa ta waiwayo yi, wannan kuwa murmushi take, ɗan siriri, idonta ƙyam a kansa duk inda ya zauna a falon. Ya ce wa kansa tsufa ne, ƙila shi ne ya manta.

Rana ta goma babbar ’yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo masa maganin hawan jini. Ta tarar da hoton a tsaye ya cika talabijin.

"Baba, wace ce wannan?"

"Kamar ya wace ce? Mamarku ce mana."

Ta matsa kusa har goshinta ya kusa taɓa gilashin. "Zanin nata ne. Kwandon ma namu ne. Amma Mama tana da wushirya, Baba, ga tabon ƙuna a haɓa. Wannan ban taɓa ganinta ba."

Ya san da tabon, yana nan ranar da man suya ya fantsar mata. Ya laluba cikin kansa ya gan shi a fuskarta, bai same shi ba.

Ko hula bai sa ba ya koma shagon da akwatin a hammata. Mai shagon ya canza masa ba gardama.

"Ai na'urar ba ta san kowa ba, Baba. Daga fuskokin da aka koya mata take harhaɗawa."

"Fuskokin su wa?"

"Wa ya sani? Mutane dai."

Ya dawo ya jona ƙaramin, ’yarsa na zaune a hannun kujera. Layi-layin suka dawo, matar ta wuce da kwando, ta waiwayo dishi-dishi kamar dā. Sai dai yanzu cikin dishin, waccan ce yake gani tana murmushi. Ya kashe talabijin ya rufe ido, ya kira matarsa a zuci yadda ya saba shekara huɗu tun rasuwarta. Baƙuwar ce ta amsa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Uwata," ya ce, idonsa a rufe, "faɗa mini yadda take. A hankali. Fara daga goshi."

Ta fara. Goshi mai faɗi, gira ba ta da cika, hanci gajere. Ya gyaɗa kai yana ƙoƙarin jera su. Da ta iso haɓa sai ta tsaya, ana jiyo gurnanin kwamfutar daga ɗakin ajiya. Ya buɗe ido ya tarar ta ƙura wa baƙin gilashin ido.

"Sau ɗaya fa kawai na kalla," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Baba, tabon nan, a dama yake ko a hagu?"