Wa Ke Ba Shi Magani a Gida?

Har gobe ba na manta ranar da aka dawo mana da Malam Ilu a keke napep, jikinsa sharkaf da gumi, ba ya gane kowa. Lokacin ina ma'aikaciyar jinya a ɗakin maza, kuma a satin nan muka sallame shi yana tafiya da ƙafarsa, har yana zolayarmu.

Tela ne a Ƙofar Ran, ya daɗe da ciwon suga. Da ya kwanta a wurinmu karon farko, likita ya ga ƙodarsa ta fara rauni, sai ya canza masa magani. Ga wanda bai san aikin ba, idan za a sallami majinyaci akan ba shi takarda mai bayanin ciwonsa da maganin da zai ci gaba da sha. An rubuta sabon maganin. Maganar daina tsohon kuwa, da baki aka faɗa wa babban ɗansa da ya zo daga Fatakwal. Ɗan ya fahimta sarai, ya yi godiya, washegari ya koma bakin aikinsa.

Muka auna sugan Malam, muka tarar ya yi ƙasa ƙwarai. Aka ɗaura masa ruwa, cikin ikon Allah ya buɗe ido. Sai shugabar ɗakinmu, Sista Rifkatu, ta kira matarsa, Inna Hajo, wadda ke rakuɓe a bakin ƙofa da leda a hannu.

"Inna, wane magani kike ba shi?"

Ta zazzage ledar a kan tebur. "Wannan na da ne, wannan wanda kuka ba shi. Duka nake ba shi, ban taɓa tsallake lokaci ba."

Da Sista ta yi mata bayani, sai tsohuwar ta zauna a ƙasa. "Ashe da hannuna na kusa kashe shi?"

Sista ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Inna, ba wanda ya gaya miki. Ina kike ranar sallama?"

"Ina gida ina gyara masa ɗaki."

Daga ranar, likita ya amince a riƙa rubuta maganin da aka tsayar, da dalilin tsayar da shi. Mu kuma Sista ta ɗora mana tambayar 'yan uwa wa ke ba majinyaci magani a gida, kafin mu fara kowane bayani.

Ranar da aka sake sallamar Malam, Inna Hajo ta riga kowa zuwa. Ta ja kujera har gaban likita ta ce, "Yaro, ni za ka gaya wa. A hankali."

Ku da kuke fara aikin nan, za ku ga mun saba yi wa mai boko bayani, domin shi ke saurin ganewa. Amma sau da yawa mai riƙe da ran majinyaci ba ta ma shigo asibitin ba. Ku aika a kira ta.