Sabulun da Ya Kusa Rushe Ɗakin Inna

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tashar Anka, ni da abokin sana'ata, injin yanka itace na cikin buhu a kafaɗata. Ba tafiyar daɗi ba ce. Iskar farkon damina ta tsaga tsohon dogon yaron tsakar gidanmu a ƙauye, can bayan Bukkuyum, babban reshensa ya sunkuyo a kan ɗakin Inna. An yi juyin duniya ta koma wani ɗaki, ta ce nan mahaifinmu ya ajiye ta, nan za a same ta. Wanda ya san Inna ya san an rufe magana.

Bari in faɗi laifina tun yanzu. Ana jibi tafiya na ga fetur na ɗan tsattsafowa ta wani ƙaramin rami a murfin tankin injin. Da tsadar man nan, raina ya ƙi. Na gutsuri sabulun wanki na liƙe ramin, yadda muke yi wa tankin babur idan ya huje, har ina yaba wa kaina dabara.

Direba bai ɗaga ba sai da gari ya waye tangaran, don hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako. Ramuka kuwa sai wanda ya gani. Amma gero ya fito kore shar hagu da dama, shanun Fulani sun fara murmurewa daga wahalar rani. A Bukkuyum muka sha fura da nono mai kauri, wadda in ka sha sai la'asar ka tuna da abinci, sannan muka hau babura. Sau biyu muna sauka mu tura a rafi.

Mun isa da hantsi, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da na duba reshen, sai na ga ɓawo da 'yar tsoka kaɗai ke riƙe da shi. Inna na ciki tana jan carbi. Ban roƙe ta ta fito ba, na san ba za ta ji ba. Cewa na yi na yi marmarin tuwonta da miyar kuka, nan take ta tashi ta nufi madafa tana faɗan na rame.

Muka ɗaura igiya, maƙwabta suka riƙe, na hau tsani na ja inji. Ya tashi da ƙarfinsa, ya ci itace na ɗan lokaci, ina sakin totur sai ya yi tari ya mutu. Na sauko na kwance fulogi na goge. Ya tashi, ya sake mutuwa. Na wanke matatar iska, duk ɗaya. Na murɗa sukurun silo, mai daidaita gudun inji in an saki totur, har sarƙarsa ta fara gudu da kanta, na tsorata na mayar da shi inda yake. Abokina ya ce man kwalba ne da muka saya a bakin hanya, ni na ce kabreta ce, muka fara yi wa juna tsawa a gaban mutane. Iska ta taso, reshen ya yi ƙara. Wallahi a lokacin kuka kaɗai ya rage ban yi ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana noman rani a fadamar Gummi, ya sha fama da injinan ban ruwa. Tun ɗazu yana zaune kan turmi yana kallonmu. Ashe ya lura duk lokacin da na buɗe tanki na leƙa mai, injin sai ya tashi lafiya. Ya ce in kawo shi kusa da kunnensa in kwance murfin a hankali. Sai muka ji fuuu, tanki ya zuƙi iska.

Ya juya murfin ya ce, "Ɗana, mi kal liƙa nan?"

Na ce, "Sabulu ne, Baba."

Ya ce, "To kai in an toshe maka hanci, taki nawa kaka yi? Ramin ga ba yoyo na ba, ta nan shika shan iska. In iska ba ta shiga ba, mai ba shi hita."

Kowa ya fashe da dariya, abokina har da riƙe ciki. Na karɓi ƙayar aduwa na sakace ramin, na wanke murfin da fetur, na ja igiyar injin sau ɗaya. Ya tashi. Na saki totur ina jiran tari, sai ya tsaya yana ɗiɗɗiƙa a natse, sarƙa ko motsi ba ta yi. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Daga kan reshen na fara, gunduwa-gunduwa, maza na jan igiya suna kabbara. Gungumen ƙarshe ya faɗi bayan katanga daidai lokacin da ɗigon farko ya sauka a wuyana. Ko ƙusa ɗaya ba ta motsa a rufin ɗakin ba. Aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna cin tuwo a zaure, Inna na cikin ɗakinta abinta.

Washegari da hantsi muka juyo, kafin azahar muna Anka lafiya. Tafiyar ta koya mini cewa in inji yana tashi yana mutuwa, ka duba numfashinsa kafin ka zargi mai ko kabreta, kuma kada ka toshe ramin da ba kai ka huda ba. Da na kwance ƙunshin tsarabar da Inna ta ba ni, na tarar da daddawa da ƙuliƙuli, a ƙasansu kuma sabulu guda sabo fil. Na kira ta a wayar maƙwabta in yi godiya, ta ce, "Wanga na wanki na, ka jiya? Na wanki kaɗai."