Na Je Maraɗi Neman Salansar da Ba Ta Korar Mutane

Mun bar Madarumfa ranar Asabar tun gari bai gama wayewa ba, amma ba bisa moto muka fita unguwa ba, tura shi muka yi. Ni ina riƙe da kai, maƙwabcina yana turawa ta baya, sai da muka wuce gidajen ƙarshe muka kai bakin tafki sannan na yarda na tada shi. Ko a can ɗin ma, tari ɗaya ya yi tsuntsayen da ke kan ruwa suka tashi gaba ɗaya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, aikina allurar dabbobi ne a ƙauyuka. Motona babur ne mai ƙafa huɗu, na hannu na saye shi, kuma rairayin da ke kada mai ƙafa biyu shi ko a jikinsa. Kwanan baya salansarsa ta bugi kututture ta fashe. Na ɗaure ta da waya na ci gaba da aiki, ina cewa ai ƙara ba ta kashe mutum. Ranar Talata na nufi wani ƙauye ta wajen Gabi, inda awaki ke jiran allura kafin ruwa ya sauka. Na isa na tarar da gari wayam. Ga turmi da taɓarya a yashe, ga tukunya na tafasa ba mai ita. Mutanen bakin iyaka sun san abin da ƙarar moto daga daji kan kawo, ba sai na faɗa ba. Sun jiyo ni tun daga nesa, suka ɗauka mu goma ne, suka watse cikin jeji. Wata tsohuwa ta faɗi garin gudu ta gurɗe ƙafa. Da suka dawo, maigari bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, "Likita, awakinmu na son allura, amma kada ka sake shigo muna da wanga abu haka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Maƙwabcin nawa dattijo ne masunci, yana da sayayyar zaren koma a Maraɗi, ya ce mu tafi tare. Kafin ya hau sai da ya cusa auduga a kunnuwa biyu, ya ja hula ya rufe.

Muka bar gudron, wato kwalta, muka bi hanyar rairayi ta Safo. Lokacin sharar gona ne, ko'ina hayaƙin kara na tashi, amalanken jakai na kai taki. Duk wanda muka tunkara sai na rage wuta, amma a banza. Wani jaki ya zabura ya yi cikin gona da amalanke, rabin takin ya zube. Muka sauka muka taya mai shi kwasa da hannu, shi kuwa kallon da yake yi wa moton ya isa. A Safo muka wanke hannu muka sha kunu da ƙosai na dala arba'in, ƙosai mai zafi da yaji mai kyau. Mai tuyar ta tambaye mu ko mu ne muka taho da jirgin nan da aka jiyo. Na ƙara wa moton isansi, wato fetur, kwalba biyu a bakin hanya muka wuce.

Hantsi ya yi muka shiga Maraɗi, muka nufi layin masu kayan moto. Shagon farko mai shi ya ɗauko mini wata salansa fara tas, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Ba nauyi, ba ta tsatsa, ya ce tana ƙara wa inji ƙarfi, kuma na san gaskiya ya faɗa. Ba zan ɓoye muku ba, ta shiga raina. Ina ta juya ta a hannu har ya ƙara da cewa, "Wagga in ka taka ta nan, sai an ji ka Jiratawa." Na aje masa abarsa a hankali. Jika arba'in da biyar na sefa, don in sayi abin da na gudo.

Shago na biyu na ce a ba ni marar ƙara. Aka ba ni ta ƙaramin moto, jika bakwai, aka ɗaura. Ƙara kam ta ragu, har na fara murmushi. Sai muka kai shi wani lungu mai rairayi don gwaji. Bututun ya yi wa injin ƙanƙanta, numfashi ba ya fita, moton ya dinga shaƙewa kamar an riƙe masa wuya, ya yi zafi, ya tsaya tsakiyar lungu mata masu tallar fura suna kewaye mu. Aka kwance, na mayar. Mai shagon ya yi kirki ya karɓa, ya ce mini gaskiya irin motona ba kasafai ake samun kayansa ba, sai dai in yi saƙo in jira wata guda. Wata guda kuwa ruwa ya sauka, awakin sun shiga damina ba allura.

Rana ta take, jikina ya mutu. Muka ci kwaɗon zogale a wata rumfa, ban ma ji ɗanɗanonsa ba. Da aka kira azahar dattijo ya shiga masallaci, ni kuma da yake Kirista ne na zauna inuwar dogonyaro na yi tawa addu'ar a zuci. Sai ga shi ya fito riƙe da hannun wani mutum mai furfura, rigarsa duk ƙunar wuta. A sahu suka haɗu, bayan sallama dattijo ya ba shi labarin. Ashe mai walda ne, yawancin aikinsa gyaran injin ban ruwa na masu lambu.

Wannan bawan Allah bai nuna mini kaya ba, tambaya ya yi. Ina kake bi da shi? Kana ƙetare gulbi da ruwa? Akwatin nan da ke baya na mene ne? Na ce na sanyi ne, allurai ke ciki. Tun safe ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya sa na tada injin, ya kara tafin hannu kusa da bututun, ya gyaɗa kai. Ya kai mu wurin masu tsoffin ƙarafa, ya yi ta tono har ya zaƙulo salansar wata ƙaramar mota, baƙa, mai ƙaton ciki. Ya ƙwanƙwasa ta ya saurara, ya busa ta. Ya ce cikinta da faɗi, iska za ta wuce, ɗakunan da ke ciki kuma su shanye ƙarar.

Awa biyu ya yi yana yanka yana lanƙwasawa. Ya ɗaga bakinta sama da taya don kada ruwan gulbi ya shiga, ya sa faifan ƙarfe tsakaninta da akwatin allurai don zafi, ya ɗan taɓa karbireta. Duka da kuɗin aiki jika goma sha biyar. Kyau kam babu, kamar an rataya wa moton tukunyar dahuwar wake.

Dattijo ya ce shi ne alƙali. Ya zare audugarsa, ya taka kamar taku ɗari, ya juya mana baya, ya ce in tada. Na tada. Muka jira. Can sai ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba, "Likita, tada mana, rana na tahiya!" Mai walda ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Ni kuwa sai na taka wuta kaɗan, sannan dattijo ya juyo baki buɗe.

Saura ƙarfi. Muka gangara gulbi, inda rairayi ya fi laushi, mu biyu da zaren koma da akwati, na tunkari gangaren da ya fi tsayi. Ya haye shi ba ko tari. A saman gangaren na ce wa dattijo gida ba yanzu ba, ya ce dama ya sani.

La'asar sakaliya muka shiga ƙauyen nan na wajen Gabi. Mata na bakin rijiya, suka ɗago suka dube mu, suka ci gaba da jan guga. Kaji ma sai da na yi musu hattara. Har ƙofar maigari na kai yana tufka igiya bai ɗago ba, sai da na ce, "Ranka ya daɗe, sallama." Ya dubi moton, ya dube ni, ya kewaya ya duƙa ya leƙa tukunyar waken. Sannan ya ce a tara awaki ranar Litinin.

Na nemi a kai ni wurin tsohuwar. Tana zaune kan tabarma ƙafa a ɗaure. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni." Ta leƙa bayana ta ce, "Wanga shi ne dodon? To, yau ya koyi sallama." Sai ta ce tunda shi ya hana ta tafiya, shi zai kai ta gidan ɗiyarta can ƙarshen gari, kwana huɗu ba ta ga jikokinta ba. Aka ɗora ta, ta riƙe rigata gam, muka ratsa gari a hankali mata na guɗa, ita kuwa tana gaida kowa kamar mai dawowa daga Makka.

Kafin magariba muka iso Madarumfa. Na shiga gida na tarar da uwargida zaune tana tsefe kai, murhu a kashe. Ashe sati biyun nan da fashewar salansa, da ƙarar moto take ɗora tukunya, tun ina bakin tafki take jiyo ni. Ta zabura ta ce, "Yaushe ka shigo?" Tuwo dai ya yi latti, ban yi ƙorafi ba.

Na tafi ina tambayar wace salansa ta fi kyau, ashe tambayar ba ta mai moto kaɗai ba ce. Mutanen da nake shiga garinsu suna da haƙƙi a kan abin da nake sa wa kunnensu. Duk mai son canja tasa, ya nemi wanda zai fara tambayarsa inda yake bi kafin ya nuna masa abin da ke ƙyalli. Ranar Litinin da sassafe ina ƙauyen, awaki na jirana, masu su ma suna nan.