Hannuna Ya Koma Dama

Ranar awon jarirai ce. Na tashi da asuba na share gaban asibitin, na ɗora ruwan koko. Yaya Dije ta fito da farar rigarta a kafaɗa, ko sa ta ba ta yi ba, ta tsinci gawayi a bakin murhu ta durƙusa a simintin baranda. Haka muke yi kullum kafin mata su fara isowa.

Ni 'yar Zongo ce ta Wagadugu. Mu biyu Inna ta haifa. Yaya ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta zama ma'aikaciyar jinya, gwamnati ta tura ta wani ƙauye a arewa, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ni kuwa madarasa aka kai ni. Na bi ta can ne don ta shirya ni konkur, wato jarrabawar shiga makarantar jinya ta gwamnati. Sau biyu ina zama, sau biyu lissafi yana kayar da ni. Shekaruna kuma sun kai bakin iyaka. In na faɗi a wannan karon, ba mai ƙara karɓar takarduna. Makarantar kuɗi ba tamu ba ce, zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, Inna take sayarwa a ƙofar gida.

Ba daƙiƙiya ba ce ni, a daina yi mini wannan kallon. A madarasarmu littattafan lissafi daga ƙasar Larabawa suke zuwa, komai daga dama ake fara shi, har lissafin. Haka hannuna ya tashi. Konkur kuwa da Faransanci ake yi, daga hagu. In tarawa ce babu damuwa, ko ta ina ka biyo gida ɗaya za ka sauka. Amma in ragi ne, ga kuma firaksiyon, lamba bisa lamba da layi a tsakani, sai in birkice. Na gaba ya koma baya, na baya ya dawo gaba.

Yaya ce ta fara gano haka. Malamai nawa suka wuce ba su gani ba. Sai ta riƙa zama ta hagu da ni.

"Fara daga inda nake, sarauniyar madarasa," in ji ta. "Ranar da kika juya wa jariri awon magani, ba ja za a sa miki a takarda ba, likkafani za a yanka."

A safiyar nan ta rubuta lissafin neman iks, lambar da ba a sani ba: iks bisa biyu, a cire iks bisa uku, daidai da ɗaya. Ta ce in nemi lambar da biyu da uku duk suke shiga cikinta. Na ce shida. Ta ce to in ninka kowa da shida, kada in bar kowa, layukan za su faɗi da kansu. Na ninka. Iks uku a cire iks biyu, daidai da shida. Iks shida ne. Ta dungure mini kai ta ce yau an ci sa'a, ta rubuta wani mafi tsawo, ta shiga ciki don mata sun fara jeruwa a benci.

Hantsi ya ɗaga. Ina durƙushe a kan lissafi na biyun.

Na fara jin ƙara daga gabas, kamar injin niƙa daga nesa. Sai ta yi kauri. Ba babur ɗaya ba ne, ba biyar ba. Kajin gidan maƙwabta suka watse. Wata mata a benci ta miƙe, ta ɗaure goyonta.

Harbi na farko daga wajen kasuwa ya fito. Na biyu kusa da famfo. Daga nan ban ƙara iya rarrabewa ba.

Suka shigo harabar asibitin bibbiyu a kan kowane babur, fuskoki a naɗe. Ba su kashe injunan ba. Duk abin da ya faru, cikin wannan ƙarar ya faru.

"Ku kwanta!"

Muka kwanta. Kumatuna a kan siminti, gawayin yana hannuna. Jarirai suna ta tsala kuka. Na ga takalma sun bi ta kan lissafin sun shiga ɗakin magani. Na ji ana zuba kwalabe a buhu.

"Ina likita?"

Ba wanda ya nuna ta. Wallahi ba wanda ya nuna ta, ina so a san wannan. Farar rigar ce a jikinta. Ta fito da kanta, hannuwa a sama. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na daɗe ina jin haushin wannan, kafin na gane ɓoye ni take yi. Suka ɗora ta a tsakiyar mutum biyu, buhun magani a cinyarta.

"Kafin azahar kada mu ga kowa a garin nan!"

Suka tafi. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Hayaƙi yana tashi daga kasuwa.

Ban ɗauki komai ba. Takarduna suna Wagadugu dama, abin da ya cece su ke nan. Na bi matan awo muka faɗa gonar gero ta bayan asibiti. Wata mai tagwaye ta miƙo mini ɗaya, ba ta tambayi sunana ba. Muka bi busasshen rafi don kada a hango mu daga hanya. A bakin famfo na ga mutum biyu a kwance. Na san ɗaya, shi yake kawo mana itace.

Azahar ta same mu a rafi. Ba wanda ya tsaya salla. La'asar ta yi, takalmina ɗaya ya tsinke, na yar da ɗayan. Duk lokacin da iska ta kawo wata ƙara sai mu zube cikin ƙaya, uwaye su toshe bakin 'ya'yansu da nono. Jaririn da ke bayana bai yi kuka ba. Zafin jikinsa kawai nake ji, ina ta taɓa ƙafarsa in tabbatar tana motsi.

Washegari da hantsi muka fito bakin kwalta. Wani direban kamiyo ɗan Nijar ya tsaya, albasa ya ɗauko a babbar motar. Ya ji ina Hausa, ya ce in hau da duk wanda nake tare da shi. Na mayar wa matar ɗanta a tashar Tampuy, da muka iso Wagadugu. Har yau ban san sunanta ba.

Na shiga layinmu na Zongo ba takalmi. Inna tana bakin kula tana zuba wa wani zom-kom. Ta gan ni. Ta leƙa bayana. Ta ci gaba da leƙa bayana har kofin ya cika ya zube a ƙasa.

Ba a yi zaman makoki ba. Mutanen unguwa suka zo, liman ya zo, Inna ta ce ba a yi mata mutuwa ba, kowa ya koma gidansa. Ba gawa, ba labari. Wasu suka ce irin su ba a kashe su, ana ajiye su su yi wa masu rauni magani. Kullum bayan sallar asuba Inna tana kiran lambar Yaya, muryar nan ta kamfani ta ba ta amsa da Faransanci, ta ajiye wayar ta hura wuta.

Ni kuwa ta kafa mini benci kusa da kula. Ko shagon kan kwana za ni, sai ta tsaya a ƙofa har in dawo. Ranar da na ce mata an buɗe ajiye takardun konkur, ta daɗe tana dama gari ba ta ɗago ba.

"Na ba su ɗaya, Safiya," ta ce. "In kin ci, ina za su tura ki? Nan Zongo?"

Kowa ya san sabbin ma'aikata ƙauye ake kai su.

"Ban hana ki ba," ta ce. "Ban kuma sa ki ba."

Na kai takarduna. Raina a ɓace na kai su, don na so ta ce Allah ya ba da sa'a, ko da a fatar baki ne.

Wanda bai zauna Wagadugu ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Garin nan babur ne. Tsohuwa babur, ɗalibi babur, mai kai burodi babur. Daga asuba har magariba layinmu ba ya shiru. Da can ko jinsu ba na yi. Yanzu in uku suka biyo juna sai in nemi ƙasa. Na gudo daga ƙarar nan na faɗo tsakiyarta. Waje babur, ciki idon Inna. Ba inda zan sa kaina.

A ɗaki nake karatu, taga a rufe, zufa tana ɗiga a kan takarda. In na zauna, hagu da ni bango ne. Na gwada jingina tsintsiya a wurin. Na gwada ɗaura zare a yatsan hagu. Abin dariya, amma ba mai yin dariyar.

Akwai wani tsohon malamin lakwal a unguwar Sisin, Mushe Isaka, wato Malam Isaka a Faransance, yana koyar da 'yan konkur bayan la'asar a ƙarƙashin rumfa. Ya yi zaman Zongo, yana jin Hausa gutsi-gutsi. Sati na farko ya duba aikina ya cire tabarau.

"Madmazel, hanyarki daidai, ninkawarki daidai. To me ya sa amsarki kullum take tsaye da ka?"

Na gaya masa zancen madarasa. Ya yi dariya har da tari, ba ta mugunta ba. Ya ba ni wani guntun kwali, ya ce in rufe layin duka, in riƙa jan kwalin a hankali daga hagu, lamba ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ta yi aiki. Kafin damina ta tsaya ina warware masu firaksiyon uku, huɗu, har da masu iks a ƙarƙashin layi. Har na fara yi ba kwali. Ya ce ai gara haka, don ba a shiga ɗakin jarrabawa da komai sai biro. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka na fita.

Ranar Asabar aka yi konkur, a wata lakwal a unguwar Bilbalogo. Inna ba ta fito ba da zan tafi. Na tarar da koko a rufe a bakin ƙofa.

Takardar Faransanci ta wuce lafiya. Aka raba ta lissafi rana ta fara zafi. Na duba. Yawancinta firaksiyon ne da ragi, irin waɗanda na sha yi. Na yi bisimilla. Na gama na farko, na duba shi sau biyu. Kujerata tana jikin taga, tagar tana kallon titi.

Na manta Asabar ranar ɗaurin aure ce a gidan magajin gari. In an fito, abokan ango sukan rako motar amarya a kan babura, tuli guda.

Daga gabas suka fito. Kamar injin niƙa daga nesa. Sai ta yi kauri.

Ban san lokacin da na sauka ba. Na dai ga ƙafafun tebur, kumatuna a siminti. Wani ya yi dariya a baya. Ƙarar ta zo daidai taga ta tsaya, don danja ta tsayar da su, suna ta murza injuna. Ina jiran a ce ina likita.

"Madmazel, tashi ki zauna."

Mai gadin jarrabawa ce, wata mata mai tabarau. Ta kama ni ta ɗaga, ta ba ni ruwa. Ba ta kore ni ba, Allah ya saka mata. Na zauna. Na ɗauki biro. Na ce wa kaina ba zan bari su ci wannan ma ba.

Na rubuta. Hannuna yana gudu kamar ba nawa ba, ban taɓa jin lissafi ya yi mini sauƙi haka ba. Na nemi lambar da kowa yake shiga, na ninka kowa, ban bar kowa ba. Layuka suka faɗi. Na gama kafin a ce a ajiye biro.

A bakin ƙofar lakwal 'yan rumfar Mushe Isaka suka taru suna gwada amsa. Na biyu, sun ce goma sha biyu. Ni ma goma sha biyu na samu, amma da alamar ragi a gabanta. Na uku haka. Na huɗu haka. Har ƙasa. Na farkon nan kaɗai ya tsaya da ƙafafunsa. Na tako da ƙafa har Zongo, ban iya hawa bayan kowa ba.

Da sakamako ya fito babu ni. Mushe Isaka ya je ya tambayo. Ya ce sauran takardun na wuce, lissafi ne.

Na sami Inna a bakin kula. Na tsaya a gabanta na ce na faɗi, kuma shi ke nan, shekaru sun rufe.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

A hankali ta faɗa, kamar numfashi ne ya kuɓuce mata. Sai ta ji abin da ta ce. Ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta. Ban yi fushi ba. Na nemi fushin ban same shi ba.

'Ya'ya biyu gare ta. Ɗaya ta sa farar riga, aka tafi da ita saboda rigar. Ɗaya ba za ta taɓa sawa ba. Ta matsa mini a benci, na zauna. Wani mai babur ya tsaya ya ce a ba shi mai sanyi, bai kashe injin ba. Na zuba masa.