Hannun Baba da Allura

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da mahaifina ya tsorata da hannunsa.

A zamanin mulkin Shugaba Ahijo ne, muna zaune a unguwar Rumde Ajiya. Baba mahauci ne, ni kuwa maɗinkin hula, sana'ar da ya raina ƙwarai. Wata safiya bijimi ya maka shi da bango a mayanka. Ya yi kwana tara a lopital, wato asibiti, ya fito da ƙafafunsa, amma kansa ya daina riƙe sabon abu. Tsohon zance duk yana nan, har kamannin shanun da ya yanka tun kafin a haife ni. Amma ka ba shi abinci yanzu, an jima ya rantse bai ci ba.

Bappa, ƙaninsa, ya ce hauka ce, in damina ta wuce zai kai shi wurin wani mai magani can wajen Tuboro. Kowa ya san mari ake sa wa mutane a can. Na yi ta roƙo, ya ce wanda ba ya iya koyon komai ai ya gama yawo.

Don kada Baba ya fita ya ɓace, kullum sai in zaunar da shi kusa da ni, in ba shi allura da ƙyalle. Kullum sai ya yi tsaki ya ce bai taɓa riƙe wannan abin ba, ni kuma in sake nuna masa daga farko. Haka muka yi wata huɗu.

Ranar da Bappa ya zo da mota, na miƙa wa Baba allura da ƙyallen hula kamar kullum, hankalina na kan motar, har na manta ban nuna masa komai ba. Ya yi tsakinsa, ya karɓa. Sai ga yatsunsa suna tafiya, zare bayan zare, ba kuskure ko ɗaya. Can ya tsaya ya ƙura wa ɗinkin ido.

"Wa ya koya mini wannan?" ya ce.

"Ni ne, Baba."

"Yaushe?"

Sai hawaye ya zubo mini. Bappa ya daɗe yana jujjuya hular, sannan ya fita ya sallami direba.

Baba ya rasu bai taɓa tuna darasi ko ɗaya ba, alhali hulunansa na kan mutane a kasuwa. Tun ranar ban ƙara cewa wani ba ya koyo don ya ce mini ya manta ba.