Na Hau Ƙanƙara a Shisha

Jama'a, yau na tsaya a kan ƙanƙara a unguwarmu ta Shisha, a tsakiyar Makka!

Kun san gasar hasashen wasan hoki, wanda ake bugawa a kan ƙanƙara, da wani alhajin Kanada ya saka ni. Ba caca ba ce, suna kawai ake nema. To, ni ne kan gaba, saura zagayen ƙarshe! A al'adarsu, na gaba zai tura hotonsa tsaye kan ƙanƙara, in bai tura ba na biyu ya fara zaɓen ƙungiyar da za ta ci.

Na sayo ƙaton dunƙulen ƙanƙara, na kai saman gidanmu, na hau. Sai na tuna babu mai ɗaukar hoto. Duk wanda na kira yana wurin shugul, wato aiki.

Can sai ga maƙwabcina Baba Sale ya hawo shanya.

"Esh hada, Malam? Mene ne wannan? Lafiya?"

"Nasara na yi, Baba. Ɗauke ni hoto."

"Ruwan sha kake takawa? A garin nan? Sauko!"

Na sauko. Ya ɗauraye ragowar, ya tafi da ita.

Hoton jiƙaƙƙun ƙafafuna na tura. Shugaban gasar ya ce, "Wannan ruwa ne."

Ga ni zaune kusa da danshin, shi ma ya kusa bushewa.