Fuskar Baba a Kan Faifai

Baba bai taɓa son hoto ba. Na katin ɗan ƙasa kaɗai muke da shi, a ciki ma ya ɗaure fuska kamar wanda aka kai gaban alƙali. Sai wata shekara ɗan ƙanwarsa, wani ɗan kasuwa a Damagaram, ya biyo ta Matameye da sabuwar kamera, ya ce a raka shi garkarmu ta rake a Dungu. Ya tarar da Baba yana ban ruwa, ya kunna ba tare da ya tambaye shi ba. Baba ya ɗan yi faɗa, can kuma ya manta da kamerar, ya shiga bayanin yadda ake zaɓen iri, yana nuna gaɓoɓin rake da yatsa, yana dariya.

Daga baya aka aiko mana da faifan. Ba irin wanda muka saba ba ne, sabon samfuri ne mai fitar da hoto tangaran, kuma duk garin babu na'urar da ta iya karanta shi. Inna ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a akwati.

Bayan Baba ya rasu, Inna ta fita takaba, wata safiya na je gaishe ta sai ta ce, "Abin nan da aka ɗauki babanku a ciki, har yanzu ba a iya ganinsa?"

Ni malamin lakkal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe kamar yadda ake kiran malamai a nan. Na ɗan san ordinate, wato kwamfuta. Da hutu ya zo na ari ta wani abokin aikina, na sa aka aro mini na'urar karanta faifan daga Damagaram. Na juye shi, na zaɓi mafi ƙanƙanta don ya shiga waya. Ban ko tsaya dubawa da kyau ba na garzaya gida. Yayana Alhaji, babban gidanmu, yana zaune a wurin Inna.

Hoton ya lalace. Duk lokacin da iska ta kaɗa ganyen rake, fuskar Baba sai ta tarwatse ta koma 'yan murabba'ai kamar saƙar tabarma. Tsagar kumatunsa ta ɓace. Inna ta kawo wayar kusa da ido, ta nisanta ta, sannan ta miƙo mini.

"Murya dai tasa ce. Amma wannan ba fuskarsa ba ce."

Alhaji ya ce, "Haba Inna, ga shi nan a fili. Mushe, turo mini."

Na ce, "Yaya, ka bari in gyara tukuna."

"Turo dai."

Na tura masa.

Sauran hutun duk a kan aikin nan ya ƙare. A hankali na gane cewa motsin ganyen ne ke cinye ɗan wurin da na ba hoton, bai bar wa fuskar komai ba. Na daina matse shi, na bar shi da faɗinsa na asali. Na sa na'urar ta fara bin faifan duka tana nazarinsa kafin ta juye. Da na gyara wannan, sai wata matsalar ta fito: in Baba ya ɗaga hannu, gefen hannun ya yi layi-layi kamar haƙoran mataji. Ita ma na yi ta gwaji har na gano inda ake kashe ta. Sai inuwar malfarsa, wadda ke rufe masa ido. In na ƙara haske, fararen kayansa su ƙone. Bazara ce, kwamfutar tana zafi har in ɗora ta a kan bulo ina yi mata fifita. Sau da yawa ana dab da gamawa kuran, wato lantarki, zai ɗauke, in koma farko.

Ranar da ya fito daidai, na kai kwamfutar ɗakin Inna. Ga Baba, ga tsagarsa, ga zufa tana bin wuyansa, har tabon lauje a babban yatsansa ana gani. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka ga rigar nan? Na hana shi zuwa garka da ita, bai ji ba." Ta sa na maimaita mata wurin dariyar har la'asar ta yi.

Hoton ya yi wa waya girma. Mai kwamfuta kuma yana bukatar abinsa, wurin ajiyarta ya cika, dole na goge kafin in mayar. Na bar kwafi mai kyau a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin na'ura, na haɗa da faifan na mayar akwatin Inna.

Ban daɗe da komawa aiki ba Alhaji ya je ya karɓe su. Ya ce wa Inna zai kai Kano a ciro babban hoto a sa a firam, ai shi ne babba, kayan uba a hannunsa ya kamata su zauna. Inna ba ta iya ce masa a'a.

Hoto bai zo ba. Na yi ta tambaya yana cewa sai an jima. Da na gaji na same shi a kantinsa, na ce ba zan tashi ba sai na ga kayan. Ya tura aka ɗauko faifan daga mota. A gaban gilashi ya bar shi cikin rana, ya lanƙwashe kamar busasshen ɓawon kabewa.

"Kilen fa, Yaya?"

"An bukaci wurin sa takardun duwan na fiton kaya, aka share."

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Mushe, kai komai sai ka mai da shi babba. Ba ga shi a wayar kowa ba? Ni na tura wa dangi duka. Mamaci addu'a yake so, ba kallo ba."

Na kira ɗan ƙanwar Baba a Damagaram ko ya ajiye na asali. Ya ce ya sayar da kamerar tuntuni, bai bar komai ba.

Abin da ya rage shi ne wancan na farko. Ya bi wayoyin dangi daga Yauri har Dawce, kowace turawa tana ƙara dagula shi. Wani ya yanke shi, wani ya ɗora masa waƙa a kan muryar Baba. Jikokin da aka haifa bayan rasuwarsa shi suke nunawa su ce ga kakansu.

Alhaji bai taɓa ba da haƙuri ba. Inna ta roƙe ni kada in sake tayar da maganar, na yi mata alkawari. Ranar Juma'a ina zuwa gidansa in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali, in ce lafiya lau, in sa takalmina in fito.